Ungozomar Kwarbai da Kunyar Ɗan Fari

Sailuba ta shekara talatin tana yankan cibi a Kwarbai. Mijinta majemi ne, ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da ƙatuwar tukunyar dafa ruwan jego. Ba ta iya fara'a ba, shi ya sa ake kiranta haihuwa amma ba a kiranta biki.

Bara ta karɓi haihuwar Radiya, matar Ashiru tela. Ɗan fari ne, namiji, ɗan mitsitsi. Kwana uku tana zuwa wanke uwa da ɗa, kullum ta tambaya ko yana kama nono, Radiya ta sunkuyar da kai. Ɗaki cike da surukai, kuma a gidan mace ba ta kallon ɗan farinta gaban mutane, balle ta yi zancensa. Har yabonta suke yi, wai yarinya mai kunya. Manyan mata da furfura, ba wadda ta buɗe zanin ta duba.

Rana ta huɗu Sailuba ta fito da jaririn tsakar gida, cikin haske. Leɓensa ya yi shuɗi, ƙirjinsa na shiga yana fita kamar zugazugi. Ta kori kowa, ta titsiye Radiya. Ashe tun ranar farko Radiya ta lura yana sakin nono yana haki. Kuma cikin na wata biyu ta yi zazzaɓi da ƙuraje, suka baje da kansu, ba ta faɗa wa kowa ba, don cikin ma ɓoye shi take yi.

Sailuba ta ce sai asibiti. Uwar Ashiru ta tare mata ƙofa, wai ba a fita da jariri kafin suna.

"Hajiya, ragonku zai jira, numfashin nan ba zai jira ba. Matsa mini."

Ta naɗe shi a zani, ta tare keke napep a bakin lungu. A asibiti likita ta ce wata ƙyanda ce mai sauƙi, rubela, ta kama uwar ta taɓa ɗan a ciki, jijiyoyin huhunsa suka tsuke, jini ba ya samun hanya sosai. Aka sa masa iskar oksijin.

Ya rayu. An raɗa masa Abdullahi yana kwance a asibiti, aka ci rago babu shi. Daga baya aka gano ba ya ji da kunne ɗaya.

Yanzu Sailuba ba ta tambayar mai jego komai sai ta fitar da surukai waje. Gidaje biyu sun daina kiranta, wai ba ta da ta-ido.