Ƙwan Ƙaguwa a Aziziyya

Kowace safiya Zakiru yakan zuba ƙanƙara a kan kifin da motar Yanbu ta kawo daga bakin teku zuwa shagonsu da ke unguwar Aziziyya a ƙasa mai tsarki, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ɗan Sarkin Ruwa ne daga Yawuri. Mahaifinsa ne ke rufe kogi idan kifi ya ɗauki ƙwai, ba mai jefa taru sai ya buɗe.

A watannin da aka hana kamu, maigidansa Suhaib yakan shigo da ƙaguwa ta ƙofar baya, cikinta cike da ƙwai ja kamar garwashi. Zakiru ne ke kankare ƙwan da buroshi don kada masu duba kasuwa su gane. Iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, tana hannun Suhaib.

Wata rana Inna Azumi, tsohuwa 'yar garinsu, ta leƙo ɗakin wankin kifi.

"Ɗan Sarkin Ruwa, me kake kankarewa?"

"Datti ne, ya Hajja," in ji Suhaib.

Ba ta kalli Suhaib ba. Zakiru take jira.

"Datti ne, Inna," ya ce.

Ya kashe famfo, ya raɓa ta gefenta ya fita, kansa a ƙasa.