Shekara Tara Ina Shanya Jitar Sule

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ɗana Sule, wanda mutanen Kura da Bunkure suka sani da Sule Bes. Ɗan fari ne. Yana raye ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, haka iyayenmu suka koya mana, yau ma da na zo rubuta shi sai da na ajiye biro na ɗan huta. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi ana tsakar yankan shinkafa. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Jitarsa ce ta rage a ɗakina, kuma bana ne ya zama dole in nema mata inda za ta zauna.

Ba irin jitar da mawaƙa ke rungumewa suna rausaya ba ce. Bes ake ce mata. Doguwa ce mai nauyi, igiyoyinta huɗu, kowace ta fi wayar birkin keke kauri. In ba a haɗa ta da amfilifaya da sifika ba, ko kaza ba za ta firgita ba. In an haɗa, ba ta waƙa, gurnani take yi a ƙarƙashin sauran kiɗan. Su biyar ne a ƙungiyarsu. Da safe kowa yana gonarsa yana ba tumatir ko shinkafa ruwa, da la'asar su loda janareta da sifikoki a bayan akori-kura su tafi gidan biki, yau Bunkure, gobe Garun Mallam.

Ban taɓa ganin sa yana kaɗawa ba. Uwa ba ta zuwa ta tsaya kallon ɗan farinta a bainar jama'a, balle yana kiɗa. Amma nakan ji shi. In bikin a ƙetaren kanal ne, muryar mawaƙi ba ta isowa gidanmu, kalangu ma iska kan ɗauke shi, ita kuwa wannan murya mai kauri sai ta biyo saman ruwa ta shigo har tsakar gida. Ina tsaye ina juya shinkafar da na turara, matan gida su ce, "Ga naki can ya fara." Sai in yi kamar ban ji su ba.

Magana tsakanina da shi ta bakin ƙanwarsa Rabi take bi. Wata rana na dawo daga unguwa na tarar da tukunyar miyata a kan murhu tana tafasa, na buɗe, sai ga wayoyi a nannaɗe a ciki. Yana zaune a bakin rijiya yana goge jitar da tsumma. Na ce, "Rabi, tambayi yayanki ko miyar ƙarfe za mu sha yau."

Ya sunkuyar da kai yana dariya. "Rabi, gaya wa Inna gumi ne ya kashe musu murya. In an dafa su sai su farfaɗo. Sababbi sai an je Kano, kuma ba a sayar da ɗaya-ɗaya."

"Ce masa ya wanke min tukunya da toka."

"Ce mata har da ta tuwon zan haɗa."

Iyakar abin da na sani game da kula da jita ke nan: ana dafa igiyoyinta. Ban tambaya ba, bai ƙara ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Ranar rabon gado an kira komai da sunansa. An kira gona, an kira injin ban-ruwa, an kira babur. Amfilifaya da sifika na ƙungiya ne, abokansa suka ɗauka. Jitar tana jingine a bango, baffansa ya dube ta, malamin da ke rabo ya dube ta, ba wanda ya ce uffan. Kayan kiɗa ne, ba wanda yake so a ce a rabonsa ta faɗo. Da aka shafa fatiha aka watse, na naɗe ta da zane na tura bayan gado.

Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san danshi. Ruwa yana kwance a gonaki rani da damina, bangon ɗaki yana tsatsafowa, tabarma tana yin baƙi, takalmi yana fitar da farin gashi in an manta da shi. Maganin da muka sani ɗaya ne, rana. Shinkafa a rana, tumatir a rana, katifa da kayan sallah a rana. Abin da kake so, shi kake fara fitarwa. Don haka duk bazara, in zafi ya kai inda ƙafa ba ta taka ƙasa, sai in ɗauko jitar in kwantar da ita a kan rufin kwanon kicin, in bar ta daga hantsi har la'asar, kwana da kwanaki. Maƙwabta suna gani suna cewa, "Allah ya saka miki, ba ki bar ta ta ruɓe ba." In na sauko da ita tana ƙona hannu, sai hankalina ya kwanta.

Ina yawan tambayar kaina, da yaron nan zai leƙo yau, me zai ce? Bukukuwa ba su ragu ba, amma ba a kiran mutum biyar. Mutum ɗaya ake kira da kwamfuta, ya danna, komai ya fito. A ƙungiyarsu, mawaƙin yana sayar da takin zamani, biyu sun tafi kudu ba labari. Ɗanliti, mai ganga, amininsa tun suna yara, shi ne ya koma mai kwamfutar. Ina jin ɗan nawa da farko dariya zai yi, don shi mai dariya ne. Daga baya ban san abin da zai yi da hannuwansa ba. Iyayen 'yan mata sun hana shi aure saboda wannan sana'a, ya haƙura ya riƙe ta, ga shi ita ma ba ta jima a bayansa ba.

Bana ƙafafuna sun gaza. Rabi tana aure a Kumbotso, ta ce ba za ta ƙara bari in yi damina ni kaɗai ba. Mijinta malami ne, gidansu gidan makaranta ne, ɗalibai suna shiga suna fita. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba. Ta bakin Rabi ya aiko: an gyara min ɗaki, in zo da duk abin da nake so, amma ban da kayan kiɗa. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ɗakina na nan za a zuba albasa a ciki in na tashi, kuma ba zan bar jitar cikin albasa ba.

Na aika aka kira Ɗanliti. Ya durƙusa a bakin ƙofa, na ce ya ɗauka, tasa ce.

"Inna, in kai ta ina? Bes ɗin yanzu yana cikin kwamfuta. Daga nan har Dawakin Kudu ban san mai taɓa irin wannan ba."

"Ko mutum ɗaya?"

Ya ce akwai wani mai kaɗa wa wata ƙungiya a Sabon Garin Kano, tasa ta lalace yana neman wata. In tana da lafiya zai karɓa da hannu biyu. Amma sai an fara kai ta wurin mai gyara ya duba. Na ce da ni za a je. Ba kuɗi nake so ba. So nake in ga hannun da za ta shiga, in kuma Allah ya yarda, a haɗa ta da sifika a gabana in ji ta kusa, sau ɗaya, tunda can baya daga nesa kawai na san ta.

A tasha direba ya ga abu dogo a naɗe a cinyata ya ce, "Hajiya, in bindiga ce ki faɗa tun yanzu, akwai masu bincike a hanya."

Ɗanliti ya ce, "Kai dai ja mota. Wannan ta fi motarka tsada."

"To ta biya kuɗin kujera mana!"

Aka yi dariya, har da ni. Rabona da dariya irin wannan na manta.

Mai gyaran dattijo ne, ba Bahaushe ba, amma Hausarsa ta Kano ce. Shagonsa cike yake da jitoci a rataye da sifikoki a buɗe. Ya kwance zanen a hankali, ya ce, "Kai, wannan mai kyau ce. Mai ita ya san kaya." Sai ya ɗaga ta, ya sa gindinta a kuncinsa, ya rufe ido ɗaya yana hangen tsawon wuyanta. Ya daɗe a haka. Ya juya ta, ya sa farce a wani wuri, katakon saman ya ɗago kamar ɓawon rake.

"Mama, a ina aka ajiye ta?"

"A ɗakina."

"Ba ɗaki ne ya yi wannan ba. Wannan ta sha rana."

Na ce, "Eh, ina shanya ta. Duk bazara. Saboda danshi."

Ya sauke ta a kan tebur. Ya dubi Ɗanliti, Ɗanliti ya dubi ƙasa. Sannan ya yi min bayani a tsanake, kamar mai gaya wa mutum sakamakon asibiti. Igiyoyin nan huɗu suna jan wuyan dare da rana da ƙarfin da ya fi na ƙato. Wanda zai ajiye jita ya daɗe, sassauta su yake yi, ya sa ta a inuwa. Ni kuwa na bar su a ɗaure yadda mai su ya bar su, ina gasa katakon a kan kwano yana laushi, suna ja, in mayar da ita ɗaki mai danshi ta sha, wata shekara in sake. Wuyan ya lanƙwashe, ya kuma murɗe. Lanƙwasa ana gyarawa, in ji shi. Murɗewa ba a gyarawa.

"Da kin bar ta a bayan gadon nan ba ki taɓa ta ba, Mama, da tsatsa kawai zan goge."

Na ce, "Ko sau ɗaya ba za ta yi magana ba?"

Bai so ba, amma ya jona mata waya. Ya taɓa igiya ta farko. Abin da ya fito ba muryar da na sani ba ce, wani karkarwa ne kamar kwano ya faɗi a siminti. Ɗanliti ya tashi ya fita waje. Na ce a kashe.

Dattijon ya ce abin da zai yi amfani a jikinta kaɗan ne: makullai huɗu na ɗaure igiya, da ƙarfen da ke ɗaukar sauti ya kai wa sifika. Waɗannan za su shiga jitar wancan mutumin mai nema. Sauran itace ne. Ya ce in je gida in yi shawara. Na ce ba ni da gidan da zan mayar da ita, ya cire. Na zauna a benci ina kallo yana kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a murfin gwangwani. Ya miƙo kuɗi, na ce ya bari. Gangar jikin ya jingine ta a lungu, inda wasu irinta suke.

Tun da na dawo nake auna abin da ya rage na yaron nan. Gonarsa tana hannun 'ya'yan baffansa, ba sa kiran ta da sunansa. Amaren da ya yi wa kiɗa sun yi 'ya'ya, in ka tambaye su mawaƙin za su tuna, ba na bayansa ba. Ba a ɗauki kiɗansa a faifai ba. Ɗanliti yana tuna shi, amma Ɗanliti yana da iyali da hidimar gabansa. Saura 'yan ƙarafa a jikin jitar wani bawan Allah da ban sani ba, ana kaɗa ta a wuraren da ba zan taɓa shiga ba. Mutane suna ce min addu'a ita ce take isa gare shi, ba katako ba. Na sani, kuma ina yi, safe da yamma. Allah ya jiƙan sa, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, tare da naku da suka riga mu. Amma uwa tana so ta ce ga abu ɗaya na riƙe masa da kyau, ni kuwa ba ni da wannan.

Jiya Rabi ta bugo waya tana tambayar yawan kayana, don mijinta ya san irin motar da zai turo. Na duba ɗakin. Na ce kada su wahalar da kansu, ƙarama ta isa.