Sahun Baya na Ajina

Shekaruna sittin da takwas a duniya, abin da zan ba ku labarinsa kuwa ya kai shekara ashirin da biyar da aukuwa.

Shekarun baya, sa'ad da jiharmu take sabuwa, manyan malaman babbar makarantar da nake koyarwa a Ƙaura Namoda suka kwashe zuwa Gusau, inda sababbin ma'aikatu ke neman masu ilimi. Aka bar mu, sababbin shiga, ba mai nuna mana hanya. Sai mu huɗu na sashen lissafi muka ƙulla alkawari: kowane mako ɗayanmu zai shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna kamar ɗalibi, ranar Alhamis bayan la'asar mu haɗu a gindin tsamiyar bayan ofis ya faɗi abin da ya gani, ba sani ba sabo. Ni ne babbansu, na kuma daɗe ina koyarwa a sakandare, saboda haka na shiga alkawarin nan da niyyar in yi gyara, ban taɓa kawowa ni za a gyara ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a, sai zaman ajina ya sauya, maza a gaba, mata a sahun baya. Ni kuwa, don kunya da kamun kai, na ɗaukar wa raina cewa idona ba zai ƙetare sahun maza ba. Aka yi gwaji, mata takwas cikin tara suka faɗi. Duk wadda ta sake faɗuwa a babbar jarrabawa, sallamarta za a yi. Na ce lalaci ne, na wuce.

Wata Alhamis, ƙaramarmu, malama 'yar Shinkafi, ta ajiye kofin shayinta.

"Yaya Malam, na shiga ajinka ran Talata."

Na ce, "Ba dai ajina ba."

"Awo, naka. Awa biyu ina zaune cikin ɗalibanka mata. Har hannu na ɗaga sau ukku."

Abokina na Zurmi, ɗaya daga cikin mu huɗun, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ita kuwa ta miƙo mini littafinta. Rabin shafi ne, shi ma duk giɓi.

Ta ce, "Wanga shi ne abin da ya iso gare mu. Sauran, kai da allo kuka sani. Wata 'yar Moriki da ke kusa da ni ta gano amsa tun kana rubutu. Ta ɗaga hannu, ta gaji, ta sauke."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ladabi ne, ba sakaci ba.

Ta ce, "Ban musa ba, Yaya Malam. Amma idonka aka ce ka kiyaye, ba karatun ɗiyan mutane aka ce ka riƙe ba."

Alhamis ta gaba na ƙi zuwa. Sai ga abokina a ƙofar gidana bisa babur, yana cewa, "Tsoho, tsamiya ta aiko a ɗauko ka." Wani aji da ba kowa shi da sauran biyun suka kai ni, suka zaunar da ni a kujerar ƙarshe. Abokina ya juya mini baya, ya gyara hula yadda nake yi, ya shiga yi wa allo lacca da muryata. Wallahi ban da ƙugin fanka da ƙarar alli ba abin da na ji. A nan girman kaina ya kwanta.

Daga ranar na koma tsayawa a tsakiyar aji, ina ɗaga murya, ina jefa tambaya sahu-sahu har na baya. Malama ta ci gaba da shiga ajina har mako uku, tana kawo mini littafinta, har shafukansa suka cika. Da sakamako ya fito, bakwai daga cikin takwas ɗin nan suka haye. Ɗaya, 'yar Ɗan Isa, gyaran bai riske ta ba. Aka sallame ta. Har yau ban san kamanninta ba, domin a watannin da take zaune a gabana ban taɓa duban inda take ba. Wannan nauyi nawa ne.

Na halarci tarukan horar da malamai da yawa a bayan haka, a ɗakuna masu sanyi, amma ban sake samun waɗanda za su gaya mini gaskiya su kuma zuba mini shayi ba. An sare tsamiyar an yi gini a gurbinta. Duk la'asar ta Alhamis sai in ji kamar ana jirana a wani wuri.

Shaiduna uku ne. Abokina na Zurmi, Allah ya jiƙansa. Na huɗunmu, mutumin Galadi, wanda halin da hanya take ciki ya raba mu da ganin juna. Sai Malama, wadda yanzu take da jikoki, amma duk ran da ta bugo waya, kafin gaisuwa sai ta ce, "Yaya Malam, ka gan ni, ko in ɗaga hannu?"