Hannun da na sa da kaina

Shekara bakwai ina kan sikeli a wata mangaza, wato sito na sayen aya da wake, a Cadawa. Ran nan mai kamfanin, abokin mahaifina tun ƙuruciya, ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya miƙo mini makullai.

"Ka riƙe mangaza wata ukku mu gani, ɗana. In ka iya, albashin shef, shugaban mangaza, naka ne."

Na buɗe baki zan ce a rubuta, kunya ta toshe shi. Ta ina zan fara neman takarda wajen mutumin da ya ci tuwon sunana? Dattawa biyu da ke wurin suka shafa fatiha, na tashi ina ta godiya kamar wanda aka ba kyautar saniya.

Gida kuwa aka ɗauki abin da zafi. Dangi tun daga Gangara suka zo barka, na yanka akuya, matata ta canja tafiya. Ni da ban taɓa sa agogo ba, na sayi agogo.

Wata uku suka zama takwas. Aikin shef, zagin da ake yi wa shef, albashin mai awo. In na taɓo zancen sai ya ce, "Haba ɗana, mi kake gaugawa? Gwaji ne hwa." Gwajin da ko tukunya aka yi wa, da tuni ta fashe. A wata na tara ya kawo surukinsa mai takardar lakol, wato ta makarantar boko, ya karɓe makullan. Na ce to, bari in koma sikelina. Ya dube ni da mamaki, wai ai sikeli yana da mai shi.

Na hau mota zuwa Maradi, wajen mai duba haƙƙin ma'aikata, raina a ɓace. Ya saurare ni tsaf. Ya ce gwaji irin wannan a rubuce ake yinsa, da ranar ƙarewa, da kuɗin muƙamin, da inda mutum zai koma in an fasa. Na ce ina da shaidu biyu. Ashe ɗaya ya rasu, ɗayan kuma a inuwar mai kamfanin yake cin abinci.

Da aka kira mai kamfanin, takarda guda ya zo da ita: ta ɗaukar sabon mai awo, aiki na dindindin. Ya ajiye yatsa a ƙasanta, yana murmushi. Sa hannuna ne, ɓaro-ɓaro, har da ƙawar da na yi masa don a san shef ne ya rubuta.