Ranar da Mura ta Kama Arvid

Arvid Solberg direban bas ne a garin Duluth har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai kaɗa biyola ne. Biyola dai, gogen Turawan nan da ya fi ƙaramin gogensu, biyolin, ƙiba da kaurin murya, wanda makaɗa suka mayar abin tsokana. Shi ko a jikinsa, wai kayan kiɗan masu haƙuri ne. Yayarsa Marit ke buga masa fiyano tun yana firamare, duk Lahadi bayan coci. Ni kuwa, da muke coci ɗaya da su, nawa in zauna gefenta ina juya mata shafin takardar kiɗa, in sha kofi, in sha kallon faɗansu.

Kiɗan mutum biyu ba shi da mai ba da umarni. Arvid zai ɗaga sandar gogensa ya ja numfashi ta hanci, fiit, sai su faɗa tare. Marit ko kallonsa ba ta yi, idonta na kan takarda. Numfashin nan kaɗai take jira.

Bana kunnenta ya fara nauyi. Wata Lahadi ta rufe fiyano ta ce, "Auta, wasan da za mu yi a coci shi ne na ƙarshe. Na daina jin numfashinka, ba zan zauna ina ba ka kunya a gaban jama'a ba."

"Haba Yaya, ki riƙa kallona mana."

"In kalli wannan fuskar? Laifin me na yi?"

Ya yi dariya, amma da muka fito ya daɗe a mota bai tayar ba. Tun rasuwar matarsa, Lahadin nan ce ta rage masa a duniya. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Ranar wasa ya tashi da mura, hanci kamar famfo. Coci ya cika, mata sun jera tukwanen abinci a ɗakin ƙasa. Muka hau dandamali, aka tafa, aka yi tsit. Arvid bai ko kai biyola wuyansa ba, yana ta gyaran ƙyallen haɓa, sai majina ta taho. Bawan Allah ya ja ta, fiit, can ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Ai kuwa Marit ta danna fiyano da hannu biyu!

Kai, ban taɓa ganin tsoho ya yi sauri irin haka ba. Ya cafki biyola ya bi ta a guje, shi da ya sha barin mutane a tasha. Sai wajen ƙarshen shafi ya kamo ta. Ni dariya ta ci ni har na juya shafi biyu a haɗe, Marit ta make mini hannu ba tare da ta tsaya ba.

Da aka sauko ƙasa cin abinci, ta tare shi bakin tukunyar miya.

"Kai wane irin sakarai ne? Ka ja numfashi ba ka shirya ba?"

"Majina ce, Yaya."

"To ina ruwana da..."

Sai ta tsaya. Arvid na kallonta, hanci ja, ido ya ciko.

"A hankali fa na ja ta," ya ce. "Ko faston da ke gabana bai ji ba. Ke kika ji."

Marit ta daɗe tana juya cokali a kwano. Can ta tura masa miyar.

"Shanye. Kada ka kuskura ka zo mini gida ran Lahadi da wannan hancin."