Gwaggo Biro da Motar Kan Iyaka

Duk wanda ya taɓa hawa mota a babbar tasha ya san Gwaggo Biro. Ita ce gajeruwar matar nan mai faɗi da ke zaune bayan teburin katako a bakin rumfar fasinja, biro ɗaya a hannu, ɗaya a bayan kunne, na uku soke a ɗankwali. Aikinta rajistar matafiya: sunanka, inda za ka, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru a hanya, Allah ya kiyaye. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki, tun rasuwar mijinta, wanda direba ne a tashar. Ƙungiyar direbobi ce ta ba ta teburin don ta samu na riƙe yara uku. Da shi ta aurar da biyu, da shi ta kai autarta makarantar koyon jinya, kuma ko zazzaɓi take yi sai ta zo ta zauna a bayansa tana rawar ɗari.

Tana da wata ɗabi'a da ke kashe direbobi da dariya: ba ta iya rubuta lambar waya sai ta rera ta. Kai kana faɗa, ita tana ja da murya, tana kaɗa kai, tana buga ƙafa a ƙarƙashin tebur. Manyan mutane masu kwat da jaka sun sha tsayawa a gabanta suna muzurai, ana waƙa da lambar matansu. In an yi mata tsiya sai ta ce, "Ku bar ni, ni kunnena ne littafina. Abin da na rera ba ya ɓace mini."

Ana nan sai hukumar da gwamnati ta kafa don yaƙi da safarar mutane ta aiko takarda, tana son ma'aikatan tasha biyu su je bita ta kwana uku. Ciyaman na ƙungiya ya fara zaɓar kansa, kamar yadda ya saba, sannan da ya ji za a yi rubutu ya ce Gwaggo ta biyo shi.

Wayyo daɗi! Otal ne mai hawa shida. Ranar farko Gwaggo ta hau lifta sau huɗu ba don tana da inda za ta ba. Kujerar da aka ba ta mai juyi ce, sai da ta zagaya da ita sau biyu kafin a buɗe taro. Ciyaman kuwa sanyin ɗakin na bugunsa ya sunkuyar da kai, bai ɗago sosai ba sai da aka kawo shayi. Mai koyarwar wata jami'a ce siririya mai gilashi, Gwaggo ta raɗa mata 'Yar Hukuma, ita kuma ta amsa da dariya. Ta yi musu bayanin yadda ake yaudarar yara da 'yan mata da alkawarin aiki a ƙasashen waje, a haye da su iyaka, daga nan a ƙwace takardunsu a sayar da su kamar kaya. Ta ce su lura da wanda wani ke amsa tambaya a madadinsa, da wanda bai san inda za shi ba. Gwaggo ta cika littafi guda, ta yi kuka sau ɗaya, ta yi tambaya ta fi ashirin. Ranar ƙarshe aka ba kowa riga mai ƙyalli, da usur, da takardar shaida, da kati mai lambar 'Yar Hukuma.

Ta dawo tasha baki har kunne, kanta ya kumbura ba kaɗan ba. Rigar nan har kasuwa take zuwa da ita. Takardar shaida ta sa aka yi mata gilashi ta rataye a bangon rumfa, daidai inda fasinja zai gani ko ba ya so. Usur kuwa yana wuyanta, hannunta na ƙaiƙayi.

Ba a yi mako ba ta busa shi. Wani mutum ne ya zo da yara takwas, kuma duk tambayar da ta yi shi ke amsawa. Ai kuwa ta cika kumatu, tasha ta kaɗa, masu lemo suka watse da farantai. Ashe malamin makaranta ne zai kai ɗalibansa gasar kacici-kacici, ga takardar shugaban makaranta a aljihunsa. Aka ba shi haƙuri, aka yi dariya, aka wuce wurin.

Busa ta biyu ce ba ta zo da dariya ba, aƙalla ga mutum ɗaya. Wata dattijuwa ta zo da ƙananan yara shida, aka tambayi ƙaramin inda za su ya ce bai sani ba. Gwaggo ta busa har da tsalle. Dattijuwar nan surukar Ciyaman ce, yaran kuma 'ya'yansa ne na cikinsa, za su hutu. Direbobi suka riƙa faɗuwa kan benci suna riƙe ciki. Ciyaman ya kira ta ofis, ya yi kicin-kicin da fuska.

"Gwaggo, kin san ina ganin girmanki saboda marigayi. Amma jiya ko ruwa ba a ba ni a gidana ba. Wallahi in kika sake busa abin nan a banza, ki tattara birorinki, teburin nan wani zan ba."

"Ranka ya daɗe, ai yaron ne ya ce bai san..."

"Shekararsa uku, Gwaggo! Ko takalminsa bai san inda yake ba!"

Ta fito ta koma teburinta. Daga ranar ta tura usur cikin riga, ta rage kallon mutane, ta koma rubutunta da waƙarta. Gaskiya tsoro ya kama ta, don ba ta san wata rayuwa ba in ba ta bayan teburin nan ba.

Bayan wata biyu, wata safiya, ana lodin motar kan iyaka, wadda wani direba da ake kira Dogo ke ja. Wata mata mai ƙamshin turare da jar jaka ta fara zuwa, ta ce ita kaɗai ce, ta ba da lambar mijinta, ta kama gidan gaba. Can sai ga wata budurwa da 'yar jakarta. Ta faɗi sunanta da kanta, ta faɗi inda za ta ba gargada, ta ba da lambar yayarta. Gwaggo ta rera: "Bakwai-bakwai, biyu da tara!" Wani tsoho ya shiga, wasu 'yan kasuwa biyu suka shiga. Sai wata budurwar, ita ma ita kaɗai, lambar kawunta. Gwaggo ta rera, ƙafa na bugawa. Ta uku ta ce lambar mamarta ce. A nan ƙafar Gwaggo ta tsaya cak, don bakinta ya riga yarinyar kai ƙarshen lambar.

Ta ja shafi da yatsa. Yayar wannan, kawun waccan, mamar ta uku, duk waya ɗaya. Kafin ta gama mamaki ta huɗu ta zo, ta biyar ta biyo, ƙarama cikinsu, da ƙyar ta kai shekara sha shida. Kowace ta zauna nesa da 'yar'uwarta, ba mai kallon wata. An koya musu komai tsaf, sunan gari, sunan unguwa, har da kada su gaisa. Abu ɗaya wadda ta koya musu ta manta: ta haddace musu lamba ɗaya, don a tunaninta wa ke karanta rajistar tasha?

Gwaggo ta ɗago kai. Saura kujera biyu mota ta cika. Ga Ciyaman can a ƙofar ofis yana sakace. In dangi ne fa, masu waya ɗaya a gida? In ta busa aka ce 'ya'yan wani babba ne? Ta dafa teburin da hannu biyu. Sai ta hango ƙaramar ta tagar mota, tana ta gyara zaman sabon takalmin da ya yi mata yawa.

Wannan karon ba ta fara da usur ba. Ta zaro tsohuwar wayarta mai maɓalli, ta danna lambar tana rerawa ƙasa-ƙasa. Ta kara ta a kunne. Sai ga kiɗa ya ɓarke a gidan gaba, daga cikin jar jakar nan, da ƙarfi kamar rediyon mai shayi. Mai turare ta ɗauka da yanga.

"Halo, wa ke magana?"

Gwaggo ta miƙe tsaye, waya a kunne. "Sannu yaya! Sannu kawu! Sannu mama! Ke kaɗai duk kin zama dangi?"

Sannan ta zaro usur ta busa irin busar da tashar ba ta taɓa ji ba. Ciyaman ya yar da tsinke ya taho da gudu yana cewa, "Shi ke nan, yau kam kin bar aiki!" Ta tura masa littafi a ƙirji. "Karanta, ranka ya daɗe, in idonka ya buɗe yau!" Ya bi layi biyar da yatsa, ya sake bi. Dogo bai jira umarni ba, ya zare makulli ya jefa aljihu. Mai turare ta buɗe ƙofa wai za ta sayo ruwa, masu lemo da masu ruwan suka kewaye ta, kowace na cewa, "Ga ruwa nan, Hajiya, zauna ki sha a nan." Gwaggo ta kira lambar katin nan, har tana tuntuɓe da harshe. Ba a yi rabin awa ba 'Yar Hukuma ta iso da farar mota da 'yan sanda biyu. A jar jakar aka samu takardun 'yan matan biyar, ɗaure da roba.

Tasha ta rikice da sowa. Direbobi na danna hon, masu lemo na tafi, Ciyaman na gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya kai ta bita da hannunsa. Gwaggo kuwa har da 'yar rawa a bakin tebur, rigar ƙyalli na walƙiya.

Ƙaramar ce ta katse mata rawar. Ta zo gabanta ido jajur. "Mama, me na yi miki? Aiki aka samo mini a shagon gyaran gashi, da ɗaki, da komai. Ke kin zauna a teburinki kin tsufa, ni ma so kike in tsufa a nan? Allah ya isa!"

Maganar ta soki Gwaggo, ta ji zafinta har cikin rai. 'Yar Hukuma ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce, a hankali, babu wani shago, sun san hanyar, sun san gidan da ake kai su, kuma waɗanda suka dawo daga can ba sa son ba da labari. Yarinyar ta kau da kai.

"'Yar nan," in ji Gwaggo, "zage ni son ranki. Amma layinki a littafina ƙarya ce a ciki. Ba ni lambar gaskiya in gyara."

Yarinyar ta faɗa da ƙyar. Gwaggo ta rubuta ba waƙa, ta kira. Wata mata ta ɗauka, ana jin ƙarar wanke-wanke a bayanta. Ita a saninta 'yarta na wurin koyon ɗinki tun safe. Da ta gane abin da ake gaya mata, sai aka ji kwano ya faɗi.

"Baiwar Allah, tana kusa da ke? Riƙe mini ita. Don girman Allah kada ki sake ta sai na zo."

Gwaggo ta kama wuyan hannun yarinyar. Garinsu tafiyar awa uku ce. 'Yar Hukuma ta ce dole a tafi da 'yan matan ofis, a ba su abinci, a ji ta bakinsu, a nemi iyayensu.

"To sai dai ku tafi da ni," in ji Gwaggo. "An ce in riƙe."

Ta miƙa wa Ciyaman biron hannunta, ta bar shi zaune a bayan teburin yana tambayar wani fasinja yadda ake rubuta sunansa. A mota tana riƙe. A ofis, kan dogon benci, tana riƙe. Yarinyar ta fizga, ta yi kuka, ta gaji, ta ci abinci da hannu ɗaya, daga baya barci ya kwashe ta a kafaɗar Gwaggo. 'Yar Hukuma ta zo sau biyu tana cewa, "Gwaggo, ki huta mana, ai ƙofa a rufe take." Gwaggo ta ce ba da ƙofa aka yi maganar ba.

Wajen la'asar uwar ta shigo a guje, takalmi ƙafa daban-daban, mayafi a hannu. Ta durƙusa a gaban bencin ta rungume 'yarta, suna ta kuka su biyu. Gwaggo ta ce, "To, ga amanarki," ta yi niyyar saki, hannun ya ƙi. Yatsun sun sandare a inda suke. Sai da uwar ta share hawaye, ta kama hannun Gwaggo, ta riƙa buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.