Abin da ya wuce ta ƙyallen tata

Tun zamanin kurkunu nake tace ruwan gidana. Farin ƙyalle ne nake ɗaurawa a bakin randa da hannuna, kuma duk unguwarmu ta gefen Kunci sun gaji da jin alfaharina a kansa. Don haka da matata ta kwanta da atini, har da jini, na rantse ba daga rijiyarmu ba ne.

Muka kai ta asibiti a Bici, inda 'yarmu ta biyu take aikin gwaje-gwaje. Na ishi 'yar tamu da musu a bakin ƙofa har ta ja ni ciki.

"Baba, zo ka gani da idonka."

Ta ɗiga abin da aka ɗebo daga cikin uwarta a kan gilashi, ta tura ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Na kafa ido. Da farko gashin girata kawai na gani, na ce mata lallai cutar tana da gashi. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta murɗa wani abu a gefe.

Sai ga ƙwayar cutar, wani abu kamar ɗigon koko. Ina kallo ya miƙo ƙafa daga inda babu ƙafa, sauran jikin ya kwarara ya bi ta. Ya dunƙule, ya sake fito da wata ta baya. Ni da nake gane akuyata cikin garken kasuwa tun daga nesa, na kasa cewa ga kansa ga gindinsa.

"Jajayen nan na cikinsa fa?"

"Jinin Inna ne ya haɗiye. Da wannan tafiyar tasa muke gane shi. In ya mutu ba ya miƙewa."

"To ai ina tacewa."

"Ƙwansa yana bi ta ƙyallenka, Baba, kamar yadda kake bi ta ƙofar zaure. Sai an tafasa."

Na koma ɗakin da aka kwantar da matata, ana ƙara mata ruwa a jijiya. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

"Malam, ka gan shi? Yaya kamarsa?"

Na rasa wacce zan faɗa mata daga cikin kamanninsa.

Ta ture ruwan leda da aka ajiye mata, ta ce ba shi da daɗi, in an jima in kawo mata na randarmu mai sanyi, wanda na tace. Shekara da shekaru ni na koya mata yarda da ƙyallen nan. Na ce to, na zauna a bakin gadon, ban tashi ba.